Burp Suite na ba ni 200 ko kalmar sirri daidai ce ko kuskure

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa wani shago a Sabon Gari manhajar lissafi da yaren shirye-shirye na PHP. Daren jiya na kunna Burp Suite, manhajar da ke tare saƙonni tsakanin burauza da sabar (kwamfutar da ke riƙe da shafin), na tare buƙatar shiga don gwaji, amma ko na sa kalmar sirri ta gaskiya ko ta bogi, lambar amsar da sabar ke dawowa da ita 200 ce. Abin ya hana ni barci. Ta ina zan gane wacce ta wuce?

Malamin Kwangila: Wa alaikumus salam ƙanena. 200 na nufin shafi ya dawo, shi ke nan. Duba tsawon amsar, sannan ka ga ko layin Set-Cookie na cikin amsar ya kawo sabuwar lambar zama, wato lambar da sabar ke gane wanda ya shiga da ita. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke yanke hukuncin. In sabar na turo "false" ne JavaScript, shirin da ke aiki a cikin burauza, ya hana shiga, tare amsar ka mayar da ita "true". In ƙofa ta buɗe, kowa ma zai buɗe ta. Dole sabar ta tantance a kowane shafi.

'Yar Tudun Wada: Ka kuma taƙaita yawan gwajin kalmar sirri da manhajar za ta yarda da shi. Ka yi wannan gwajin na Burp Suite a kan taka manhajar kaɗai fa, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse.

Ɗan Samaru: Malam, na mayar "true", ta buɗe. Yau zan gyara insha Allahu.