Ina son ɗora Ubuntu kusa da Windows ba tare da na goge komai ba, wa ya taɓa yi?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a fannin kwamfuta, furojet ɗina da ns-3, manhajar kwaikwayon hanyoyin sadarwar kwamfuta, zan yi shi, malamin da ke duba ni ya ce in nemi Linux, shi ya sa nake son Ubuntu, wanda nau'in Linux ne. Na'urata HP EliteBook 840 G3 ce ta hannu, RAM 8GB, SSD 256GB, Windows 10 a kai. Ba zan iya goge Windows ba, don da CorelDRAW nake zana katin biki da kalanda, da shi nake ci a makaranta. Na gwada VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da Linux daga cikin Windows, ina fara haɗa ns-3 fanka ta kama kuka, na'urar ta sandare har na gaji na kashe. Sarari 90GB ya rage min. Ba ni da faifan ajiya na waje, filasha 16GB ce kawai. Nawa zan yanka wa Ubuntu? Kuma yaya ake saita GRUB, jerin zaɓin nan da ke fitowa in an kunna na'ura, ya nuna duka biyun? Na ji an ce Windows kan ɓace daga jerin. Sati uku ya rage in kai babi na huɗu.

Kali Boy: Wa alaikumus salam. Goge Windows ɗin nan ka huta, ka ɗora Kali Linux. Maza ba sa raba ƙafa.

Sarkin Samari: Me ya yi zafi? VirtualBox kawai. Minti ashirin ka gama.

Ɗan Tudun Wada: Don Allah a daure a karanta abin da na rubuta har ƙarshe.

Injiniyan Barnawa: Ƙanena, kar ka taɓa komai tukuna. Ka buɗe msinfo32 ka duba layin BIOS Mode, UEFI ne ko Legacy, wato sabon salon tayar da na'ura ko tsoho. Duk wanda ka ji ya ce Windows ta ɓace masa, ka bincika, galibi a nan aka samu matsala: Windows tana Legacy, shi kuma ya tayar da filasha a UEFI, ko akasin haka. GRUB ba zai iya tayar da wanda ba salonsu ɗaya ba. In UEFI ne, ka haɗa filashar Ubuntu da manhajar Rufus ka zaɓi tsarin faifai na GPT, in ka danna F9 a HP ɗin ka zaɓi layin filasha mai UEFI.

Kafin nan, in BitLocker, makullin faifai na Windows, a kunne yake, ka kwafe lambar ceton nan mai lamba 48 a takarda, sannan ka kashe shi, don Ubuntu ba zai yarda ya zauna gefen faifan da aka kulle ba. Ka kashe Fast Startup, in ba haka ba Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, barcin zomo take yi, ta bar yankinta a riƙe. Yankan kuma ka yi shi daga cikin Windows, a Disk Management, Shrink Volume. Ni 50GB zan ba Ubuntu, ka bar wa Corel wurin numfashi. Kar ka ƙirƙiri sabon yankin EFI, wanda Windows ta yi, ɗan ƙaramin nan na FAT32, shi za su yi tarayya a kai.

In an gama Windows ba ta fito a jeri ba, kar ka firgita, tana nan. Tun GRUB 2.06 aka kashe os-prober, mai nemo wa GRUB Windows da ire-irenta, a asali. Ka buɗe /etc/default/grub ka sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan sudo update-grub. Amma fa duk wannan bayan ka ajiye kwafin aikinka a wani wuri. Kuma ka sani Rufus zai share filashar taka tas, don haka ita ba wurin ajiya ba ce.

Maman Hanan: Yaro, ni dai roƙonka zan yi, kar ka yi. Ko za ka yi, kar ka ba kowa ya yi maka a bayan idonka. Shekara biyu da suka wuce ina digiri na biyu, aka ce mana wata manhaja ta fi tafiya a Linux. Na kai wa wani mai gyara a kasuwar 'yan waya, wanda ƙanen mijina ya yi ta yabo. Sau uku na ce masa, Malam, akwai aikina a ciki. Ya ce Hajiya kar ki damu, wannan shan ruwa ne. Na fita sallar la'asar. Da na dawo na tarar da allo mai ruwan hoda, yana ta murmushi wai an gama. Na ce ina Windows? Ya ce tana ciki, a kashe a kunna za ta fito. Aka kashe aka kunna sau biyar. Ashe da mai ɗorawar ya tambaye shi, na farkon da idonsa ya gani ya danna, "Erase disk and install Ubuntu".

Takardun tambaya 312 na bi ƙauyuka na cike, na zauna wata biyu ina shigar da su SPSS da daddare bayan yara sun yi barci. Babi uku. Wannan duk na iya sake yi, kuma na sake. Abin da ban iya sakewa ba shi ne muryar mahaifiyata. Na ɗauke ta tana ba jikokinta tatsuniya watanni kaɗan kafin ta rasu, na kwashe daga waya na zuba a kwamfuta don wai ta fi tsaro. Wani ɗalibi ya taimaka min da PhotoRec, manhajar ceto fayilolin da aka goge, ya kwana biyu yana aiki, ya fito da fayil dubbai babu suna ko ɗaya, sai f da lambobi. Na yi sati ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Hotunan suna sun dawo, wasu rabi hoto rabi toka. Muryar guntu ɗaya na samu, daƙiƙa goma sha wani abu, tana cewa "ga ta nan ga ta nanku", sai ya yanke.

Mai gyaran kuma har kuɗin aikinsa ya nema.

Ummu Sadik: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa ta huta. Wallahi har na yi hawaye.

Baba Fansho: Allah Ya gafarta mata. 'Yata, kin kai ƙararsa wajen shugabannin kasuwa?

Maman Hanan: Na kai, Baba. Aka tara mu, aka ce tsautsayi ne, in yi haƙuri. Ya ba ni filasha 8GB wai diyya. Ita ma ta bogi ce, wata ɗaya ta yi.

Injiniyan Barnawa: Allah Ya jiƙanta da rahama. Kuma Hajiya ta samu abin da ta samu ne don faifanta irin na da ne mai juyawa. Mai tambaya SSD gare shi, a kansa abin da aka goge ba kasafai yake dawowa ba saboda TRIM, tsarin da ke share gurbin abin da aka goge.

Oga Mai Gyara: Hajiya Allah Ya ba da haƙuri, amma kar a yi mana kuɗin goro. Wannan ba mai gyara ba ne, yaron shago ne da ogansa ya fita. Shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a, ban taɓa taɓa faifan mutum ban kwafe ba. Mai tambaya, kawo min, dubu biyar, ka zauna a gabana in yi.

Sarkin Samari: Dubu biyar? Dubu biyu aka yi wa abokina a bakin makaranta, har da Office kyauta.

Ɗan Gwammaja: Ni dubu goma na biya bara.

Oga Mai Gyara: Na dubu biyun ne ke aika mutane wajenmu da "grub rescue" a baƙin allo. Araha ba ta ado.

Ɗan Maraɗi: Nan wajenmu jaka biyu zuwa uku ne, amma sai ka zo da filasharka. Ku dai kula wajen zaɓen allon rubutu. Tawa AZERTY ce, irin ta Faransanci, mai ɗorawa ya bar ta a na Ingilishi, na sa kalmar sirri mai harafin a, na kwana ina bugawa tana ƙi. Ashe q nake ba ta.

Na Malam: Ni a ganina duk batun nan batun kishiya ne. Windows uwargida, Ubuntu amarya, GRUB kuma maigidan da ke raba kwana. Uwargida ba ta taɓa yarda akwai wata a gidan ba, ko ɗakin amarya ba ta iya gani. Da ta samu sabuntawa sai ta koma bakin ƙofa ta tsaya, ta ce babu kowa sai ita.

Ummu Sadik: Na Malam, a ko'ina sai ka kawo maganar ƙarin aure. Ka fara biyan kuɗin makarantar na gida.

Injiniyan Barnawa: Wasa yake amma akwai gaskiya. A UEFI sau da yawa ba goge GRUB ake yi ba, jerin tayarwa ne ke canjawa, Windows Boot Manager ya hau sama. F10, ka mayar da ubuntu farko, shi ke nan. Babbar da aka yi ita ce ta watan Agusta 2024, lokacin da wata sabuntawar tsaro ta Windows ta hana na'urori da yawa masu tsari biyu tayar da Linux, suna nuna saƙon SBAT. Maganin wucin gadi a lokacin shi ne kashe Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da na'ura za ta tashi da shi. Shi ya sa nake cewa a sauke sabon Ubuntu, a bar tsohon kwafin da ke yawo a filashar abokai.

Oga Mai Gyara: Injiniya, da girmanka, wannan duk karatun takarda ne. Na'urorin hannu da ke shigowa, da yawansu 'yan kasuwa a Legacy suke ɗora musu Windows, faifan MBR, yanki huɗu kawai yake ɗauka. Ka sa yaro ya je yana Shrink Volume ya tarar an cinye huɗun. A kashe Secure Boot, a yi komai a Legacy, an wuce wurin.

Injiniyan Barnawa: Shi ya sa jimlata ta farko ta ce ya duba msinfo32. Da ka karanta. Kuma in MBR ne akwai mbr2gpt mai mayar da shi GPT a cikin Windows 10 kanta. Ubuntu na tashi lafiya da Secure Boot a kunne, ba sai an kashe ba.

Oga Mai Gyara: Na'ura nawa ka buɗe da hannunka a wannan watan? Ni jiya kaɗai bakwai.

Maman Hanan: Wancan ma haka ya ce min, a rana yana yin goma.

Baba Fansho: Ku yi haƙuri da juna. Ni tambayata daban. Jikana ya yi min irin wannan, tun daga ranar duk sanda na dawo Windows agogo ya koma baya da awa ɗaya. Saura kaɗan in rasa jam'in azahar ranar Talata.

Injiniyan Barnawa: Ranka ya daɗe, ba lalacewa ba ce. Linux na ajiye agogon na'ura a lokacin UTC, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Jikan ya shiga Ubuntu ya rubuta timedatectl set-local-rtc 1.

Ɗan Zongo: Ku dawo Kumasi, Baba. Mu a kan GMT muke, shekara huɗu ina da biyun, agogona bai taɓa motsi ba. Sai yau ma na san ana wannan ciwon.

Hajara Coder: Ba wanda ya ambaci WSL2, hanyar da Windows kanta ta tanada ta tafiyar da Linux a cikinta. Yaya, ns-3 na tafiya a kansa, ba yanka faifai, ba GRUB, kuma ya fi VirtualBox sauƙi a kan RAM 8GB. Da shi na yi nawa. Mai sati uku a hannu bai kamata ya yi wasa da faifansa ba. In kuma dole sai na gaske, G3 na da gurbin M.2 da na faifai inci 2.5, ka ga wanne ne babu kowa, ka sa ƙaramin SSD na biyu, kowa da gidansa.

Kali Boy: WSL ai Linux ɗin yara ne.

Hajara Coder: Kai da ka ɗora Kali don ka saci wayfay ɗin maƙwabta ka kasa?

Ɗan Gwammaja: SSD 128GB na hannu dubu goma sha biyu na gani.

Oga Mai Gyara: A ina? Sha takwas ne, in mai lafiya kake so. Na sha biyun ka duba da CrystalDiskInfo ka ga awa nawa ya yi yana aiki a Turai.

Ɗan Gwammaja: Ai ku 'yan kasuwa ba a gane muku. Tawa da na saya, aka ce batir na awa huɗu. A shago ya nuna kashi 90. Ina isa gida, minti ashirin da biyar. Ina cikin rage yankin Windows aka ɗauke wuta, ta mutu a tsakiya. Kwana uku ina jinya.

Ummu Sadik: Mu caja suka canja mana a cikin leda.

Baba Fansho: Kuma ba mai gaya maka cewa irin waɗannan ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. An daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, amma har gobe ana sayar wa iyaye su a matsayin sabon yayi.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Anti Maman Hanan, Allah Ya jiƙan Mama, na ari faifan abokin ɗakina na kwashe komai daren jiya. Yaya Injiniya, na duba, UEFI ne, BitLocker a kashe. Na haɗa filasha. Amma F9 ba ta nuna filashar ko kaɗan, da na danna F10 kuma sai ya nemi kalmar sirrin BIOS. Na kira wanda ya sayar min, ya ce haka ta zo daga waje, shi ma bai sani ba.

Oga Mai Gyara: Kayan kamfani ne aka kwaso, sun toshe tashi daga filasha. Cire batirin CMOS ba ya yi wa EliteBook, sai an taɓa cif ɗin. Dubu goma sha biyar.

Sarkin Samari: Bakwai ake yi.

Ɗan Gwammaja: Ka mayar masa da kayarsa kawai. Da rasit?

Ɗan Tudun Wada: Wata takwas ke nan. Rasit ɗin ma sunan wani shago ne daban a kai.

Maman Hanan: Cif ɗin da za a taɓa, a gabanka za a taɓa shi ko sai ka fita salla?

Hajara Coder: Yaya, buɗe PowerShell ka rubuta wsl --install mu gani. Sai dai in sun kashe virtualization, wanda WSL2 ke buƙata, a BIOS ɗin shi ma.

Na Malam: Ashe uwargida ta riga ta canja kwaɗon ƙofa.