Zauren Iyaye: Kurma a Ajin 'Yan Shekara Huɗu

Baban Sadiq: Assalamu alaikum. Zan faɗi abin da ke raina, ba da mugun nufi ba. Tun farkon zangon nan an saka yarinya kurma a ajin 'yan shekara huɗu. Ni a ganina an cuce ta, an kuma cuci namu, don rabin hankalin Anti yana kanta. Gwamnati ta yi makarantar Tudun Maliki saboda kurame da makafi. Can ne wurinta.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Alhaji, mahaifiyarta fa tana cikin zauren nan.

Baban Sadiq: Na sani, Hajiya. Gara a faɗa a gabanta da ƙus-ƙus ɗin da ake yi a bakin get kullum in an zo ɗaukar yara.

Anti Rabi: Tunda ajina ne, bari in sa baki. Maganar rabin hankali ba haka take ba, Alhaji. A gaban tabarma nake zaunar da ita don ta ga bakina da hannuna. Yaran da kansu suka gane ba a ƙwala mata kira, kafaɗarta ake taɓawa. Yanzu in an buga ƙararrawar tara, sai ka ga uku sun ruga suna nuna mata hannu a baki, alamar abinci. Sadiq ɗinka ma yana cikin masu rigen. Wajen zane da jera murafen kwalba ta fi da yawansu. Amma in faɗi gaskiya, lokacin waƙa da tatsuniya zuru take yi, tana bin fuskokinmu da kallo. Wannan yana damuna.

Baban Sadiq: To ai kin faɗa da bakinki.

Baban Walid: Akwai doka fa. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, da ma'aikacin da aka horar don su.

Baban Sadiq: Barista, na gwamnati ka ce. Wannan ta kuɗi ce, mu ke biya. Kuma ina ma'aikacin da aka horar ɗin?

Maman Hanif: Ni fannin ilimin masu buƙata ta musamman na karanta, kuma duk ban yarda da ku ba. Alhaji, cewa tana jan naku baya ba shi da tushe. Ɗan shekara huɗu ba jarrabawa yake shiryawa ba. Abin da yake koya shi ne jiran layi, raba abin wasa, riƙe fensir, da zama da wanda bai yi kama da shi ba. Amma masu cewa a bar ta kawai, ku ma da sauranku. Yaro na gina harshe ne a shekarun farko, kuma kurma da ido yake gina nasa. Alamar abinci da ta ruwa ba harshe ba ne. In ta kai shekara shida da 'yan alamu kaɗan, an zaunar da ita a aji ne kawai, ba a koyar da ita ba. Tana buƙatar babba mai maganar hannu sosai, kullum. Af, kuma iri biyu ce a garin nan: akwai maganar hannu ta gargajiya da kuramen Kano suka daɗe suna yi a tsakaninsu, akwai ta makaranta, wadda tushenta na Amurka ne. Sai a san wacce za a ɗora ta a kai.

Kakan Amira: 'Ya'yana, ku tuna dalilin saukar Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya zo neman sani. Daga baya ya zama ladani, har Manzon Allah (SAW) yana barin shi ya ja salla a Madina in ya yi tafiya. Ba a ware masa masallaci daban ba.

Baban Sadiq: Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai shi yana jin karatun. Ita fa?

Maman Nana: Ni ce mahaifiyarta. Ban ji haushi ba, Alhaji. Da jinta aka haife ta, sanƙarau ne ya tafi da shi tana shekara biyu. Daga Kurna zuwa Tudun Maliki keta gari ne, ga kuɗin adaidaita safe da rana, ga ta 'yar mitsitsiya. Makarantu biyu na unguwa sun ce min ba su da wuri, alhali ina ganin kujeru babu kowa. Kafin ta zo nan ko tsakar gida ba ta fita in yara sun shigo. Yanzu ita ke ɗauko takalminta da safe. In ta isa firamare zan duba Tudun Maliki, ban ƙi ba.

Maman Ilham: Allah ya raya mana ita, Maman Nana.

Shugabar makaranta: Na karanta duka. Yarinya ba inda za ta, wannan na yanke. Amma Maman Hanif ta yi gaskiya, Anti Rabi ita kaɗai da yara sama da talatin ba za ta iya ba. Akwai wata budurwa kurma da ta gama sakandare, za ta iya zuwa ta koya wa Nana, da Anti, da ajin gaba ɗaya. Albashinta ne babu a lissafin bana.

Baban Walid: A raba a kan kuɗin zango na kowa.

Baban Sadiq: Ka ga inda nake gudu ke nan. Ni ba ɗana ne ke buƙata ba.

Maman Ilham: Bara da aka gyara lilo duk mun biya, Alhaji, kuma Ilham tsoron hawa take.

Baban Sadiq: A kawo adadin a rubuce ranar taron iyaye, Asabar. Sai na ga nawa ne kafin in ce komai.