Zuwa Timiya daga Maraɗi: wace hanya, wane lokaci?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan uwa. Mu huɗu ne muke son zuwa Timiya cikin duwatsun Azbin. Wace hanya ta fi daga nan Maraɗi, kuma a wane wata? Ƙaramar mota za ta kai?

Direban Agadas: Wa alaikumus salam. Malam, ƙaramar mota iyakarta Agadas. Za ku iya bi ta Damagaram, Tanut, Adarbisanat, ko ta Ƙonni, Tawa, Abalak. Kowace akwai inda kwalta ta mutu, sai ku tambayi direbobin tasha a satin tafiyar. Daga Agadas zuwa Timiya ya haura kilomita 200, ta Elmeki, ba kwalta, yini guda ne cur. Kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, ake ɗauka da direba ɗan ƙasar. Ku duba yana da tayar safaya biyu, don tsakuwar duwatsun nan baƙaƙe gefen taya take yankawa, faci ba ya kama wurin. Mai a cika a Agadas, a ƙara da bido, ruwan sha ma haka. Cikin rairayin kori, wato rafin da sai da damina yake kawo ruwa, ana rage iskar taya, amma in an hau dutse ba a mayar ba, nan take fashewa. Kar ku je tsakanin Yuli da Satumba. Ruwa na iya zuba can saman dutse ku ba ku ga ko hadari ba, kori ya taso ya tafi da mota. Shi ya sa ba a kwana cikin kori ko da rani.

Hajiya Mai Lalle: Ƙanena, ku je Disamba ko Janairu, lokacin lemu ya nuna a garake. Ga rumman, ga dabino, kuma har yanzu za ka ga lambun da raƙumi ke jan guga daga rijiya, ruwan ya bi ƴar hanya zuwa fangali. Sai dai ku riƙe bargo mai kauri, sanyin dare can ya fi na gulbin Maraɗi nesa ba kusa ba. Kaskad ɗin, inda ruwa ke gangarowa daga dutse ya taru a tafki, tana bayan gari kaɗan. Da hunturu ruwan ƙanƙani ne, kar ku sa rai da yawa. Da la'asar ku hau tudun da Faransawa suka gina sansanin soja mai suna Fort Massu, daga nan ake ganin kwarin duka. In da sauran kwana, kufan Asode na arewa, tsohon birni ne da bangon masallacinsa bai gama faɗuwa ba.

Mutanen garin Kel Ewey ne, masu ayarin gishirin Bilma da ke saukowa ƙasar Hausa neman gero, saboda haka maza da yawa suna jin Hausa. A fara gaida mai gari, kuma kar a ɗauki hoton mata ba izini.

Direban Agadas: Gaskiya ne Hajiya. Na ƙara da batun tsaro: kafin ku fita Agadas ku je wajen jandarma ku ji halin hanya, kowa da katinsa na ɗan ƙasa, kuma ba tafiyar dare. Ranar da kuke jiran mota ku shiga tsohon gari ku ga masallacin Agadas, hasumiyarsa ta laka mita 27 ce, UNESCO ta sa unguwar cikin kayan tarihin duniya a 2013. Matakalar ciki tana matsewa can sama, mai babbar riga ya tuɓe ta tun a ƙasa.