Neman shawara: da wace fassara zan fara tara tsofaffin labaran ban tsoro na Jamusawa?

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara biyu ke nan da na kamu da son labaran ban tsoro da Jamusawa suka rubuta tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, tun daga ranar da na karanta Der Sandmann na E.T.A. Hoffmann, wanda ya fito a 1816, inda ake razana yaro da wani dodo mai watsa wa yara yashi a ido har idanun su zazzago ya kwashe. Ba na jin Jamusanci, don haka da fassarar Turanci na dogara, kuma a nan gizo ke saƙa. Wani mai sayar da tsofaffin littattafai ta intanet ya yi mini tallar bugun ƙarni na 19 na Die Elixiere des Teufels, littafin Hoffmann a kan wani ɗan zuhudu mai suna Medardus da ya sha giyar Shaiɗan, a kan kuɗin da zai ishe ni sayen sababbin littattafai wajen goma. Shin in rufe ido in saya, ko in fara da fassarorin zamani? Tambaya ta biyu kuma, na ga labarin Wake Not the Dead a cikin littattafai biyu, ɗaya ya ce na Ludwig Tieck ne, ɗaya ya ce na Ernst Raupach. Wane ne mai gaskiya?

Amsar wani dattijo mai tara littattafai, daga Zariya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka zaro ko sisi, tambayi mai sayarwar sunan mai fassara, ka kuma sa ya turo maka hoton shafin da ke ɗauke da sunan maɗaba'a da shekarar bugu. In dai Turancin ƙarni na 19 ne, to ina kyautata zaton fassarar Robert Pearse Gillies ce, wadda kamfanin Blackwood ya fara bugawa a Edinbara a 1824 cikin mujalladi biyu. Gillies ya datse wurare da dama, musamman waɗanda ya ga ba za su yi wa masu karatun zamaninsa daɗi ba, saboda haka wanda ya karanta ta bai karanta dukan abin da Hoffmann ya rubuta ba. In labarin kake so, nemi fassarar Ronald Taylor ta 1963, ga gajerun labarai kuma ka nemi ta R.J. Hollingdale, bugun kamfanin Penguin, ko ta Ritchie Robertson, bugun maɗaba'ar jami'ar Oxford. In kuwa tsohon littafin kansa kake sha'awa a matsayin kayan tarihi, wannan wata magana ce daban, amma ka tabbata mujalladan biyu suna tare, domin ni kaina na taɓa biyan kuɗi mai tsoka, da kaya suka iso na tarar da na biyun kaɗai, ba kai sai gindi.

Amsar wata malamar adabi:

Malam, labarin na Raupach ne. Cikin Jamusanci sunansa Lasst die Toten ruhen, kuma ya shiga Turanci a 1823 cikin wani tarin labarai mai mujalladi uku da aka buga a Landan ba tare da an rubuta sunan marubuci a kan kowane labari ba, daga baya masu tattara labarai suka jingina shi ga Tieck saboda shi ne wanda aka fi sani, kuskuren ya yi ta yawo daga bugu zuwa bugu. Ina so ka ɗauki wannan a matsayin gargaɗi game da fannin gaba ɗaya, domin a shekarun 1790 kalmar Jamus ta zama abin talla a kasuwar littattafan Ingila. The Castle of Wolfenbach na 1793 an rubuta a bangonsa cewa labarin Jamusawa ne, alhali Eliza Parsons, 'yar Ingila, ita ta ƙaga shi. Har waɗanda fassara ce ta gaske ba su tsira ba: The Necromancer na 1794, wanda Peter Teuthold ya fassara daga Der Geisterbanner na Karl Friedrich Kahlert, an cusa masa wani dogon yanki da aka tsamo daga wani labari na marubucin Jamus Friedrich Schiller. The Necromancer ɗin da Horrid Mysteries na 1796, fassarar Der Genius na Karl Grosse, suna cikin littattafai bakwai da marubuciyar Ingila Jane Austen ta lissafa a littafinta Northanger Abbey, waɗanda aka daɗe ana zaton ita ta ƙirƙiri sunayensu, sai a shekarun 1920 masu bincike suka zaƙulo su. Kamfanin Valancourt ya sake buga su da gabatarwar masana, kuma a ganina su ya kamata ɗalibi ya saya.

Amsar wani ɗan'uwa daga Damagaram:

Ni da ɗan saɓani da Malama, domin a wurina waɗannan gurɓatattun fassarori su ne daɗin tarin. Mu da muka yi boko da Faransanci muna da wata ƙofa. A 1812 Jean-Baptiste Benoît Eyriès ya buga Fantasmagoriana a Paris, labarai takwas da ya fassara daga Jamusanci, yawancinsu daga Gespensterbuch, wato littafin fatalwa, na Apel da Laun. Fantasmagoriana shi ne littafin da marubutan Ingila Byron da su Mary Shelley suka karanta a wani gida kusa da tafkin Janeba a watan Yuni na 1816, zaman da ya haifar da Frankenstein, shahararren littafin ban tsoro na Mary Shelley. Tales of the Dead na 1813 kuwa daga Faransancin nan Sarah Utterson ta fassara shi zuwa Turanci, ta zubar da labari uku, ta rage tsawon ɗaya, ta ƙara nata. Fassarar fassara ce, ruwan da ya ratsa tulu biyu. Ka jera su ukun, na Jamusanci da na Faransanci da na Turanci, a kanta ɗaya, ka ga yadda labari ke canza kama.

Ƙarin dattijon:

Na manta abu guda. Takardar da ta shekara 200 ba ta jure danshin damina, kuma gara ba ta san darajar Hoffmann ba. Kada ka jingina kanta da bango, kada kuma ka naɗe littafi a leda, domin fumfuna zai yi.

Mai tambaya:

Na gode, Baba, na gode Malama da Yaya. Na rubuta wa mai sayarwar kamar yadda aka umarce ni, ya amsa cewa ta Gillies ce, kuma mujalladi na farko kaɗai gare shi. Na ba shi haƙuri. Kuɗin zan raba su tsakanin Taylor da Hollingdale da The Necromancer, ragowar kuma in ba kafinta ya yi mini kanta mai ƙafafun ƙarfe kafin ruwa ya sauka.