Ɓera mai XY amma mace: me ya hana Sry aiki?

Sadiya_B: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen nazarin halittu, ranar Talata zan gabatar da semina, kaina ya ɗaure. Tun sakandare hadda muka yi: XY namiji, XX mace. To ga takardun da malaminmu ya ba ni suna maganar ɓeraye masu XY da aka haifa mata, alhali ƙwayar gadon Sry, mai mayar da tayi namiji, tana nan a jikin Y ɗin, ba ta ɓace ba. Me ya hana ta aiki? Don Allah a taimaka.

Malam_Habu: Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Matsalar ta lokaci ce. Tayin ɓera, wanda cikinsa bai wuce mako 3 ba, yana da wani ɗan tsiro kusa da inda ƙoda za ta fito, iri ɗaya sak a XX da XY. Shi zai zama ko maraina ko gidan ƙwai. Sry tana farkawa wajen kwana 10.5 da shigar ciki, ta kai ƙololuwa a 11.5, kafin 12.5 ta yi shiru. Aikinta guda ne: ta tayar da wata ƙwayar gado, Sox9. In Sox9 ta kankama, ita da ƙwayar gadon Fgf9 sai su riƙa ƙarfafa juna, ƙwayoyin Sertoli masu renon maniyyi a cikin maraina su samu, sauran aikin ya bi.

Amma ɗaya ɓangaren ba barci yake ba. Ƙwayoyin gadon Wnt4 da Rspo1 suna ta nasu shirin na gina gidan ƙwai. Idan Sry ta makara da 'yan sa'o'i, kamar wanda ya iso tasha mota ta tashi ne. Abin da Eva Eicher ta gani ke nan a 1982 a Jackson Laboratory ta Amurka: an ɗauko Y na ɓerayen kwarin Poschiavo a Suwizalan aka shigar cikin zuriyar ɓerayen gwaji da ake kira C57BL/6, sai masu XY suka riƙa fitowa mata ko mata-maza. Ni a ganina da wannan ya kamata ki buɗe seminarki, ya fi kama hankali.

Sadiya_B: Na gode, Malam, Allah ya ƙara sani. To akasin haka fa, XX ta zama namiji?

Malam_Habu: An yi, a Landan, 1991. Peter Koopman da Robin Lovell-Badge da abokan aikinsu suka dasa wa tayin XX guntun DNA mai ɗauke da Sry kaɗai. Ya fito namiji, da marainansa, yana barbara. Haihuwa ce dai babu, don X biyu ba sa barin maniyyi ya ginu, kuma sauran ƙwayoyin gadon Y da ake buƙata ba ya da su. Ki shirya, wannan tambayar sai an yi miki ita.

Nura_Lab: Malam, a yi mini afuwa in ƙara, don kada ta ɗauka da an haihu magana ta ƙare. A 2009 a Heidelberg ta Jamus an kashe ƙwayar gadon Foxl2 a gidan ƙwan ɓera baliga, sai Sox9 ta tashi, ƙwayoyin da ke renon ƙwai suka rikiɗe suka yi kama da na Sertoli, har ana samun testosteron, sinadarin maza. A 2011 kuma a Minnesota aka cire ƙwayar gadon Dmrt1 daga maraina, abin ya juya ta ɗaya gefen: ƙwayoyin Sertoli suka yi kama da masu renon ƙwai. Sadiya, in da wuri ki sa na 2018 ma: an yanke Enh13, guntun DNA mai harufa 557 da ke ƙara wa Sox9 ƙarfi ko da yake yana can nesa da ita, masu XY suka fito mata.

Sadiya_B: Minti 15 kawai aka ba ni, Yaya Nura! Zan ɗauki Poschiavo da Foxl2, Enh13 in ajiye shi don lokacin tambayoyi.