"Hula na cin wuta a kan ɓarawo": wannan da tamu ɗaya ne?

Ɗan Zonkwa: Jama'a barkanmu. Ina koyon Ibrananci a ulpan, wato makarantar koyon yaren, a Urushalima. Ranar Juma'a a kasuwar Mahane Yehuda wani mai tumatir ya ce akwai wanda ke ɗebe masa kaya da dare, bai kama sunan kowa ba. Sai maƙwabcinsa ya taso yana rantse-rantse. Mai tumatir ya dube shi ya ce: "Al rosh haganav bo'er hakova." Rosh da ganav kawai na kama, kai da ɓarawo. Malamarmu ta ce ma'anarsa hula na cin wuta a kan ɓarawo. Yaushe ake faɗinsa?

Maman Salama: Ai wannan mai kaza a aljihu ne, ba ya jimirin as.

Na Bakin Kasuwa: Ban yarda ba, Maman Salama. Kaza a ɓoye take, mai ita kaɗai ya sani. Wuta a ka kuwa duk kasuwa na gani. Ya fi kusa da rana dubu ta ɓarawo.

Malam Mai Alli: Akwai labari a bayansa. An yi sata a taro, wani dattijo ya ɗaga murya ya ce hular ɓarawo ta kama wuta, sai mutum ɗaya ya kai hannu kansa. Babu wata wuta. Yahudawan gabashin Turai ne suka zo da karin, akwai shi a yarensu na Yiddish da kuma Rashanci. Zamanin su Eliezer Ben-Yehuda, wanda ya rasu a 1922, da ake maido da Ibrananci bakin mutane, kowa ya zuba abin gidansu a ciki. Shi ya sa za ka ji yalla da sababa a titi, daga Larabci.

Yar Gwaggo: Ku tsaya ku ji na kakata, Allah ya jiƙanta. Man shanunta na cikin ƙwarya a rataye, kullum yana raguwa. Ta tara mu jikoki a tsakar gida bayan magariba, ta kunna aci-balbal, ta ce wanda ya sha, leɓensa zai yi ƙyalli yanzun nan. Ƙanwata mai tsoro ta sa gefen zani ta goge baki, ta fashe da kuka. Ta sha bulala. Yayanmu kuwa yana zaune yana ɓare gyaɗa, ko gezau. Sai da ya yi aure ya faɗa wa Kaka da bakinsa cewa shi ne. Kaka ta kira ƙanwata ta ba ta ɗankunnenta na azurfa, ta ce ta yafe mata. Ni tun daga nan ba na yanke wa mai rawar jiki hukunci. Wataƙila maƙwabcin nan an taɓa yi masa sharri ne.

Maman Salama: Allah sarki. To amma yayanku ai bai manta ba, wutar na cinsa a ciki.

Na Bakin Kasuwa: Irin yayan nan ne muke zaɓa. Ko hular ta ƙone ƙurmus, cewa za su yi fitilar sola ce ta aikin mazaɓa.

Direban Jos: Su da ke sauya hula duk kakar zaɓe, wacce za ta kama?

Malam Mai Alli: Mu dawo kan magana. Ɗan Zonkwa, kada ka gwada shi a kan mai gidan hayarka. Riƙe toda da slikha tukuna, godiya da ban haƙuri.

Ɗan Zonkwa: Na ji, Malam. Abin da na fi furtawa yanzu shi ne "kama ze ole", nawa ne.

Yar Gwaggo: To nawa ne tumatirin a can? Nan kwando ya gagare mu.