Wai da gaske bauta ta ƙare?

Ɗan Kawo: Jama'a jiya aka fasa auren ƙanin abokina a Tudun Wada, an kai lefe an sa rana, sai gwaggon yarinyar ta ce wai ta bincika kakansa bacucane ne, wato wanda aka haifa cikin bauta, a wani rinji (ƙauyen bayi) can ƙasar Zazzau. Ni dai na ce a takarda kawai bauta ta mutu.

Malam Sani: Haba Ɗan Kawo, kar ka ɗora son zuciyar tsohuwa ɗaya a kan al'umma. Tun 1901 Gwamna Lugga ya yi doka duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu ɗa ne ba bawa ba, a 1936 kuma aka soke bauta kwata-kwata a Arewa. Yau wa ka ga an kai kasuwa?

Maman Ummi: Allah gafarta Malam, dokar 1901 ɗin fa ba ta saki waɗanda ke hannu ba, da yawa sai da suka yi murgu suna biyan ubangida kaɗan-kaɗan kafin su fanshi kansu. Wlh ina yarinya akwai wata tsohuwa da ke kawo wa kakata gero duk kaka, a bakin ƙofa take zama ta cire takalmi ko an shimfiɗa mata tabarma ba ta hawa, sai da na girma aka faɗa min dalili.

Malam Sani: Toh ai Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano a da bayin sarki ne amma wa ya isa ya ja da su, sarakuna nawa ne 'ya'yan sa-ɗaka? Namu bai kai na osu a ƙasar Ibo ba, waɗanda aka keɓe wa abin bauta ake ƙyamar aure da su.

Yaya Bulus: Ku ta aure kuke yi. Mu a kudancin Kaduna kakanninmu kan duwatsu suka koma saboda harin bayi, har gobe tsofaffi na ba da labarin, kuma in rikici ya tashi shi ake fara tonowa.

Maman Ummi: Ga Nijar nan ma sai 2003 suka mai da bauta laifi, a 2008 Hadijatou Mani, wata da aka bautar, ta yi nasara kan gwamnatinsu a kotun ECOWAS.

Malam Sani: Wannan Nijar kika ce Hajiya. Shi yaron ya nemi wata kawai.

Ɗan Kawo: Malam shekara huɗu fa suna tare. Gobe ma ni aka ce in nemo mota a kwaso akwatunan.